Karcen da ƙanƙara ta bari a jikin dutse

Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa, kuma kowace shekara sai mun iso babin kogin ƙanƙara. In zana kwari biyu a allo, ɗaya mai tsukakken gindi kamar harafin V, ɗaya mai faɗin gindi kamar U, in ce na farko aikin ruwa ne, na biyu aikin ƙanƙara. Wata shekara wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai ƙanƙara abu ne mai tauri. In an buga ta, fashewa take yi. Ta yaya za ta yi tafiya, har ma ta sassaƙe dutse?" Na ba ta amsar da ke cikin littafi, amsar kuma daidai ce. Amma tambayar ba ta bar ni ba, har ranar da Allah ya kai ni ƙasar Suwizalan, na tsaya a bakin kogin ƙanƙara na Rhone, na ɗora tafin hannuna a kan dutsen da ya janye ya bari.

Ana isa wurin ta hanyar mota da ke hawa mashigin Furka, tana lanƙwasa kamar maciji, har sama da mita 2,200 daga doron teku. Don ganin ƙanƙara na je, sai ga shi dutsen ne ya fi ɗauke mini hankali. Falale ne mai taurin gaske, irin wanda ake kira giranit, amma ya yi sumul kamar da gangan aka goge shi. A jikinsa akwai karce-karce dogaye, wasu sirara kamar zare, wasu yatsa na shiga cikinsu, kuma dukansu sun miƙe sun nufi wuri guda, wato gangaren kwarin. Ruwa ba ya irin wannan aiki. Ruwa yakan mulmula dutse, yakan rarake shi ya yi masa gurbi, amma ba ya ja masa miƙaƙƙen layi.

Kogin ƙanƙara ba ruwan kogi ne da ya daskare ba. Asalinsa dusar ƙanƙara ce, wadda ke sauka daga sama fara tas, ba nauyi, mafi yawanta iska. Idan sanyin wuri ya kai yadda ta bana ba za ta gama narkewa ba kafin ta baɗi ta sauka a kanta, sai ta fara taruwa hawa-hawa. Ta sama ta danne ta ƙasa, iskar ta fice, ƙwayoyin su manne da juna, a kwana a tashi ta zama ƙanƙara mai tauri mai launin shuɗi-shuɗi. Idan kaurinta ya kai kamar mita 50, nauyin da ke sama yakan sa ta ƙasa ta daina fashewa, ta fara malala sannu a hankali kamar kakin zuma da ya ji ɗumi. Ɗalibata ta yi gaskiya, in an buga ta fashewa take yi. Amma in an danne ta shekara da shekaru, lanƙwasa take yi. Shi ya sa saman kogin ke tsattsagewa ya yi ramuka masu zurfi: saman ba shi da nauyin da zai tausasa shi, ƙasan kuwa yana tafiya yana jan sa. A wurare da yawa kuma akwai ɗan ruwa tsakanin ƙanƙarar da dutsen da take kwance a kai, sai ta riƙa zamewa ɗungurungum. Na tsaunukan Alps tafiyar hawainiya suke yi, yawancinsu ba sa wuce mita 200 a shekara. Amma akwai wani a Girinlan, ana ce masa Jakobshavn, da aka taɓa auna yana cin fiye da mita 40 a rana ɗaya.

Ita ƙanƙara a kan kanta ba ta kai dutse tauri ba, ko farce yana karce ta. Haƙoranta na aro ne. Ruwa kan shiga tsagar dutse a ƙarƙashinta, ya daskare, ya manne da ita, sai ta fizge ɓallin dutsen ta yi gaba da shi. Wannan ɓalli shi ke zama haƙori. Dubban irinsa, daga ƙwayar yashi zuwa mai girman mota, suna maƙale a cikinta, ga nauyin ɗaruruwan mita na ƙanƙara a kansu, ana jan su a kan falale kamar yadda maƙeri ke jan magagari a kan ƙarfe. Manyan su ne suka bar karcen da na sa wa yatsa. Ƙananan su ne suka goge shi ya yi sumul. Na lura da wani abu kuma da na sha karantawa amma sai ranar na gan shi ido da ido: kowane tudun dutse a wurin, ɓangaren da ke fuskantar inda ƙanƙarar ta fito yana da santsi da sauƙin hawa, ɓangaren baya kuwa kaca-kaca yake, domin nan ne ta yi fizga. Ko da ƙanƙarar ta ɓace shekara dubu goma, mai ido zai dubi tudun nan ya nuna maka inda ta dosa.

Abin da aka niƙe ba ya ɓacewa. Ruwan da ke fitowa daga bakin kogin ba garau yake ba, fari-fari ne kamar an dama toka, saboda garin dutsen da ke cikinsa. Laushin garin ya kai yadda ba ya saurin kwantawa, kuma idan ya shiga tafki rana ta haska shi, shi ke ba da launin nan tsakanin shuɗi da kore da ake gani a hotunan tafkunan Kanada.

Daga nan zanen da nake yi a allo ya fara yi mini ma'ana ta gaske. Kogin ruwa siriri ne, a gindin kwari kaɗai yake yanka, gefuna su riƙa zubowa a kansa, shi ya sa kwarinsa ke tsukewa. Ƙanƙara kuwa cika kwarin take yi bango da bango, tana cin gindi tana cin gefe lokaci guda. Idan ta tafi sai ta bar kwari mai shimfiɗaɗɗen gindi da bangaye a tsaye, irin na Yosemite a Amurka ko Lauterbrunnen a Suwizalan. Ƙananan rassan da ke shigowa daga gefe ba su da nauyin da za su haƙa kamar uwar, sai a bar kwarinsu a rataye can sama, ruwansu ya riƙa faɗowa daga tsayin ɗaruruwan mita. Idan kuma ƙanƙara ta kewaye tsauni ɗaya tana ɓantararsa ta fuska uku ko huɗu, abin da zai rage shi ne tsini kamar ƙaho. Haka tsaunin Matterhorn ya samu siffarsa, mai tsayin mita 4,478.

Akwai abin da ruwa ba zai taɓa iyawa ba. Kogi in ya kai daidai doron teku ya gama haƙa, ba ya sauka ƙasa da haka. Ƙanƙara mai kauri ba ruwanta da wannan iyaka. A Norwe akwai kwarin da ake kira Sognefjord, teku ya shige shi har kilomita 205 cikin ƙasa, zurfinsa kuma ya kai kusan mita 1,300, amma a bakinsa inda ya haɗu da teku ba shi da zurfi sosai, domin a nan ƙanƙarar ta baje ta rasa ƙarfi. Manyan tafkunan nan biyar na tsakanin Amurka da Kanada, masu ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke kwance a doron ƙasa, su ma ƙanƙara ce ta zurfafa gurabensu. Gindin tafkin Superior yana ƙasa da doron teku.

Wajen sauke kaya ma halinsu ya bambanta. Ruwa yana da tsari, yakan ajiye manyan duwatsu tukuna, sai tsakuwa, sai yashi, sai laka can gaba. Ƙanƙara jibgewa take yi, laka da tsakuwa da dutse mai girman ɗaki duk a cakuɗe. Inda bakinta ya daɗe a tsaye, kayan kan taru su yi doguwar kunya kamar ta gona, sai dai wannan kunya tsayinta kan kai na bene. Tsibirin Long Island da ke gefen Niyok, ƙashin bayansa irin wannan kunya ce.

Abin da ya fi taɓa ni a duk labarin nan shi ne wanda ya fara karanta wannan rubutu na jikin dutse. Ba farfesa ba ne. Sunansa Jean-Pierre Perraudin, mafarauci ne kuma kafinta a kwarin Bagnes, a wannan yanki na Valais da na ziyarta. Yana yawo a tsaunuka yana farautar wata dabba mai kama da akuya, yana ganin karce a bakin ƙanƙara, sannan yana ganin irinsa sak can ƙasa, nesa da duk wata ƙanƙara. Ya haɗa biyu da biyu. A 1815 ya gaya wa Jean de Charpentier, masanin da ke shugabantar ma'adinar gishiri ta Bex, cewa a da ƙanƙara ta cika kwarin nan har garin Martigny. Charpentier bai ɗauki maganar da muhimmanci ba. A lokacin masana suna da nasu bayanin game da manyan duwatsun da ake tsinta a inda ba asalinsu ba: wasu suka ce gagarumar ambaliya ce ta kawo su, wasu suka ce tsibiran ƙanƙara masu yawo a kan teku ne suka yar da su.

Duwatsun nan kuwa abin a tsaya a duba ne. A saman garin Neuchatel akwai wani da ake kira Pierre à Bot, girmansa ya kai gida. Giranit ne daga yankin Mont Blanc, amma yana zaune a kan tsaunukan Jura, waɗanda dutsensu na farar ƙasa ne, kilomita 100 ko fiye daga mahaifarsa, kuma akwai shimfiɗaɗɗen fili a tsakani. Kusurwoyinsa ba su mulmule ba, da ruwa ne ya gangaro da shi da sun mulmule. Wanda ya goyo shi ya kai shi can shi ne wannan kogin ƙanƙara na Rhone da na tsaya a bakinsa, wanda yau tsawonsa bai wuce kilomita 8 ba. A zamaninsa ya cika gurbin tafkin Jeneba, ya bazu a filin Suwizalan, reshensa ɗaya ya kusa kai wa birnin Lyon a Faransa.

Maganar mafaraucin ba ta mutu ba. Wani injiniya, Ignaz Venetz, ya saurare shi, ya bi kwari-kwari ya duba, ya gamsu, ya gabatar da ita gaban masana a 1829. Shi ya shawo kan Charpentier, shi kuma Charpentier a 1836 ya zaga da wani matashin masanin kifayen da suka zama dutse, Louis Agassiz, wanda ya zo da niyyar ƙaryata zancen ya koma yana ɗauke da shi. A watan Yuli na 1837 Agassiz ya tsaya a Neuchatel ya ce ƙanƙara ta taɓa lulluɓe babban ɓangaren arewacin duniya. A 1840 ya buga littafi a kai, ya je Sukotlan ya nuna musu karce da kunyoyi a ƙasar da ba ta da kogin ƙanƙara ko ɗaya. Sunansa ne ya shiga littattafai. Ni dai ina ganin an yi rashin adalci a nan. Abokinsa Karl Schimper, wanda ya ƙirƙiro sunan "zamanin ƙanƙara" da Jamusanci, da shi da Charpentier duk sun rabu da shi da ɓacin rai saboda bai ba su haƙƙinsu ba. Kuma wannan Agassiz, bayan ya koma Amurka, ya zama cikin masu yaɗa ƙaryar cewa baƙar fata da farar fata ba asalinsu ɗaya ba. Yanzu in ina koyar da babin nan, da sunan Perraudin nake farawa.

Yau ƙanƙara ta rufe kusan kashi 10 cikin 100 na tudun duniya, mafi yawanta a Antatika da Girinlan. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce ta rufe kusan kashi 30. Kanada kusan duka tana ƙarƙashinta, a wasu wurare kaurinta ya kai kilomita 3. Haka Norwe da Suwidin da Finlan, da mafi yawan Birtaniya. Ruwan da ya zama wannan ƙanƙara daga teku ya fito, don haka teku ya sauka da kusan mita 120. Ana iya takawa da ƙafa daga Faransa zuwa Ingila, daga Saiberiya zuwa Alaska. Nauyinta kuma ya danna ɓawon duniya kansa ya lotsa. Har gobe bai gama miƙewa ba: a gaɓar tekun Bothnia, tsakanin Suwidin da Finlan, ƙasa na ɗagowa kusan milimita 9 a shekara, tsofaffin tashoshin jiragen ruwa suna komawa tudu. Anders Celsius, mai ma'aunin zafin nan, ya sa an sara alama a jikin dutse a gaɓar a 1731 yana zaton teku ne ke ƙafewa. Ashe ƙasa ce ke tashi.

Duk wannan ɓarna da gini, bambancin matsakaicin zafin duniya tsakanin wancan lokaci da yanzu bai wuce digiri 5 zuwa 6 ba. Wannan adadi na kan maimaita shi sau biyu a aji.

To me ke kawo ta, me ke kore ta? Nan ma wanda ya fara kama bakin zaren ba mai babbar riga ba ne. James Croll ɗan Sukotlan ne, rashin lafiya da talauci sun hana shi karatu mai nisa, ya yi sana'o'i iri-iri, daga baya ya samu aikin kula da gini a wata kwaleji a Gilasgo, inda ya samu damar shiga ɗakin karatu. A 1864 ya buga takarda yana cewa sauye-sauyen da ke faruwa a hanyar da duniya ke bi tana kewaya rana su ne sila. Ya kuma gane wani abu mai muhimmanci, cewa ƙanƙara in ta fara yaɗuwa tana ƙara wa kanta sanyi. Amma ya ɗauka tsananin hunturu ne ke haifar da ita, lissafin shekarunsa kuma bai dace da abin da aka gani a ƙasa ba, sai aka jingine ra'ayin.

Wanda ya ɗauko shi ya gyara shi ne Milutin Milankovic, injiniyan gine-ginen kankare ɗan Sabiya, wanda ya koma koyar da lissafi a Belgired. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rutsa da shi a 1914, aka tsare shi, daga baya aka bar shi ya zauna a Budafes yana aiki a ɗakin karatu. Da alƙalami da takarda, shekara kusan talatin, ya lissafa yawan hasken rana da kowane sashe na duniya ke samu a kowane yanayi, ya koma baya dubban ɗaruruwan shekaru. Babban littafinsa ya fito a 1941.

Abubuwa uku ne ke sauyawa. Hanyar da duniya ke bi ba da'ira ce cikakkiya ba, takan ɗan miƙe kamar ƙwai sannan ta koma kusan da'ira, a cikin shekara kamar 100,000. Sannan duniya a karkace take juyawa, wannan karkata ce ma ke kawo zafi da hunturu. Yanzu digiri 23.4 ce, amma tana kai-komo tsakanin 22.1 da 24.5 a cikin shekara 41,000. In karkatar ta ragu, bazarar ƙuryar arewa da ta kudu ba ta yin ƙarfi. Na ukun shi ne layi, irin wanda katantanwa ke yi in an murza ta tana juyi kanta na zagayawa a hankali. Wannan layi shi ke sauya watan da duniya ta fi kusa da rana. A zamaninmu farkon Janairu ne, tazarar kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma miliyan 152. Shekara 11,000 da suka wuce akasin haka ne, duniya ta fi kusa da rana a tsakiyar bazarar arewa.

Ga inda hankalina ya tsaya, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Duk sauye-sauyen nan uku, in an haɗa hasken da duniya baki ɗaya ke samu a shekara, bambancin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Rabon ne ke sauyawa, wane wuri ya samu, a wane wata. Kuma Milankovic, bisa shawarar masanin yanayi Wladimir Köppen, ya gane cewa ba hunturu ne abin dubawa ba. A can arewa mai nisa, kusa da layin digiri 65 daga tsakiyar duniya a taswira, kowane hunturu yana da sanyin da dusar ƙanƙara za ta sauka, ko mai tsanani ne ko mai sauƙi. Abin tambaya shi ne, bazara za ta iya share ta? In bazara ta zo da rauni, ta bar ɗan fari a gindin tsauni da cikin kwari, hunturu ya zo ya ɗora a kai, baɗi ma haka, an fara ke nan. Zamanin ƙanƙara daga ragowar da bazara ta kasa cinyewa yake farawa. Arewa ce kuma mai yanke hukunci, domin a can ne ake da faffaɗar ƙasa a wannan layi, Kanada da Saiberiya da arewacin Turai, inda ƙanƙara za ta samu wurin zama. A kudu, daidai wannan layi, kusan duk teku ne.

Milankovic ya rasu a 1958, a lokacin da yawancin masana suka juya wa lissafinsa baya. Shaidar da ta wanke shi daga ƙasan teku ta fito. Akwai wasu ƙananan halittu masu ɓawo da ke rayuwa a teku, in sun mutu ɓawonsu ya nutse ya kwanta a laka, hawa kan hawa. Oksijin da ke cikin ruwa iri-iri ne, akwai mara nauyi mai lamba 16 da mai nauyi mai lamba 18. Mara nauyin ya fi saurin tashi ya zama girgije. In ya sauka a matsayin dusar ƙanƙara ya maƙale a tudu bai dawo ba, sai mai nauyin ya yawaita a teku, ɓawon halittun nan kuma ya ɗauki wannan alama. Ke nan lakar ƙasan teku kundi ce da ke nuna yawan ƙanƙarar duniya a kowane zamani. A 1976 masana uku, James Hays da John Imbrie da Nicholas Shackleton, suka bincika lakar da aka haƙo daga kudancin tekun Indiya, mai ɗauke da tarihin shekara 450,000. Suka tarar ƙanƙara na zuwa tana komawa a kan bugu uku: kusan shekara 100,000, da 41,000, da 23,000 haɗe da 19,000, wato na layin nan. Adadin da lissafin falaki ya bayar ke nan.

Amma ɗan wannan turi ba zai iya shi kaɗai ba, sai da masu taya shi. Na farko shi ne wanda Croll ya hango. Sabuwar dusar ƙanƙara na mayar da kashi 80 ko fiye na hasken rana sama, teku kuwa shanye kusan duka yake yi. Fari ya ƙaru, sanyi ya ƙaru, fari ya sake ƙaruwa. Na biyu iskar kabon ce. A cikin ƙanƙarar Antatika akwai ƙananan kumfa, iskar zamanin da ce ta maƙale a ciki. An haƙa rami mai zurfin sama da kilomita 3 a tashar Vostok, aka samu iskar shekara 420,000, sannan a wata tasha da ke Dome C aka samu ta shekara 800,000. Duk lokacin ƙanƙara, kabon kan sauka zuwa kusan kashi 180 cikin miliyan, domin teku mai sanyi na haɗiye shi ya ɓoye a ƙasa. Duk lokacin ɗumi kuma ya hau zuwa kusan 280. Wannan iska ce ke ɗaukar saƙon arewa ta kai shi ko'ina, shi ya sa kudu ma ke yin sanyi tare da arewa. Taruwar ƙanƙarar kan ɗauki shekara kamar 90,000, narkewar kuwa kamar 10,000 kawai. Kafin shekara miliyan ɗaya da ta wuce, bugun 41,000 ne ke jan ragama, daga baya na 100,000 ya karɓa, kuma har yanzu masana na muhawara a kan dalilin wannan sauyi.

Sai dai duniya ta daɗe tana karkata tana layi, ko a zamunan da babu ƙanƙara ko a ƙuryoyinta. Falaki kiɗa kawai yake yi, sai an riga an share fage. Masu share fagen su ne motsin nahiyoyi da yawan kabon a cikin miliyoyin shekaru. Indiya ta yi karo da Asiya kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, tsaunukan Himalaya suka tashi, ruwan sama na cin sabon dutse yana janye kabon daga iska. Antatika ta rabu da Ostareliya da Kudancin Amurka, ruwan sanyi ya samu hanyar kewaye ta. Shekara miliyan 34 da suka wuce ƙanƙara ta kama ta, ta arewa kuma ta kankama kimanin shekara miliyan 2.6 da suka wuce. A ma'aunin masana, tunda har yanzu akwai ƙanƙara a ƙuryoyin duniya, muna cikin zamanin ƙanƙara ne, hutu kawai muke ciki, wanda ya fara shekara 11,700 da suka wuce. Noma da birane da rubutu duk a cikin wannan hutu aka yi su.

An yi wasu kafin wannan. Akwai na tsakanin shekara miliyan 720 da 635 da suka wuce, wanda alamu suka nuna ƙanƙara ta kai har tsakiyar duniya. Akwai kuma na kimanin shekara miliyan 445, wanda shaidarsa ke kwance a tsakiyar hamadar Sahara, a Aljeriya da Libiya da Muritaniya: falalen dutse masu karce miƙaƙƙe, irin wanda na shafa a Furka. A lokacin arewacin Afirka na zaune ne kusa da ƙuryar kudu.

Kafin in bar wurin na taka har bakin ƙanƙarar. Sun lulluɓe wani sashe nata da fararen mayafai don rage narkewa, saboda wani kogo da ake sassaƙawa a cikinta domin baƙi tun ƙarni na 19. Mayafan sun yi dauɗa, wasu sun yage, inda aka rufe ya fi inda ba a rufe ba tudu. A gabanta akwai tafki mai ruwan toka wanda shekara talatin da suka wuce babu shi, gutsattsarin ƙanƙara na yawo a kai. Bisa lissafin falaki kaɗai, bazarar arewa ta daɗe tana raguwa a hankali tun dubban shekaru, ba lokacin narkewa irin wannan ba ne. Amma kabon da bai taɓa wuce 300 ba a cikin shekara 800,000 na kumfar Antatika, yau ya haura 420, saboda kwal da man fetur da gas da muke ƙonawa. Raina ya ɓaci da ganin mayafan nan, ba zan ɓoye ba. Dutsen da na shafa sabon fitowa ne, ko gansakuka ba ta kama shi ba tukuna.

Daga nan na gangara zuwa Gletsch, 'yar ƙaramar matsaya a gindin kwarin. A tsakiyar ƙarni na 19 ƙanƙarar na saukowa har filin nan, tsofaffin hotuna sun nuna ta a baje dab da gidajen. Kunyoyin da ta tara a wancan lokaci suna nan, ciyawa da ƙananan itatuwa sun rufe su. Na tsaya a kan ɗaya na ɗaga kai. Ba a hango ƙanƙarar ko kaɗan daga nan, sai falalen dutse mai santsi, da farin ruwa yana zubowa ta tsakiyarsa.